Sai Ka Ce "Na Karɓa"

Ranar da kakana ya rasu, mai tsiren bakin tasha ne ya fara kuka a garinmu, tun kafin ƴan gida su gama salati. Mutumin nan ya yi shekaru ba ya gaisawa da Tsoho, tun ranar da Tsoho ya juye masa bokitin ruwa a kan tukuba don ya ga tartsatsi na tashi wajen dannin maƙwabta. Amma da aka faɗi rasuwar a lasifikar masallaci bayan azahar, sai ga shi a ƙofar gidanmu da wuƙar yanka nama a hannu, ya manta bai aje ta ba, yana share hawaye da bayan hannu yana cewa yanzu kam garin nan zai ƙone. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Tsoho ya riga mu kama hanya.

An zo gaisuwa daga Gazawa, an zo daga Gangara, har daga Gidan Sori da ban taɓa sanin muna da dangi can ba. Jakunan amalanken da aka ɗaure a bayan gidanmu sun fi ɗaliban lakol ɗinmu, wato makarantar boko, yawa, kuma sun fi su natsuwa. Tsofaffin mata su shigo da salati, su zube gaban Iya, kakata, su ce ya haƙuri, su yi kuka daidai gwargwado, sannan su waiwaya su ga wa ke raba goro. Maza a waje kowa na cewa marigayi mutum ne mai haƙuri. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro. Tsoho ba shi da haƙuri ko na cikin cokali, kuma in na bar wa manya labarinsa, ƙanena da ke goye zai tashi yana zaton kakanmu wani salihin dattijo ne mai zama a inuwa yana jan carbi. Ni jikarsa ce, amaryarsa yake ce mini, ni kuma in ce masa Tsoho, kuma tsakanin jika da kaka babu abin da ba a faɗi.

Akwai kuma zancen tabarma, wanda ya hana ni barci fiye da mutuwar.

A wajenmu, in an yi rasuwa, ɗiyan mamaci mata suna zama a tabarma guda a ɗakin uwarsu, duk wadda ta shigo ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa. Daka da girki na maƙwabta ne. Ranar farko Gwaggo Babba na kan tabarmar, Gwaggo ta tsakiya na kai, Gwaggo Ƙarama ma ta zauna a gefen Iya da jaririnta a cinya. Da aka dawo daga maƙabarta, Baba Babba, yayan babana, wanda gida ya koma hannunsa, ya shigo ya tsaya a tsakar gida. Bai dubi kowa ba ya ce, "Tabarma ta ɗiyan ciki ce."

Gwaggo Ƙarama ta tashi, ta goya yaronta, ta fito ta karɓi taɓarya a hannun wata maƙwabciya. Kwanakin makokin nan duka a bakin turmi ta yi su. Masu gaisuwa su wuce ta gabanta su ce sannu da aiki, su shiga ɗaki su ce wa wasu ya haƙuri. Da yamma na ji tana gaya wa innata cewa in an yi sadakar bakwai za ta koma ɗakinta a Gangara, kuma ƙafarta ba za ta sake taka gidan nan ba.

"Ba fushi na yi ba," ta ce. "Ba na son duk in na zo mutane su riƙa neman inda za su aje ni."

Kafin a gane yadda aka yi haka, sai an san Tsoho.

Pompiye ne, wato sojan kashe gobara. A Maradi ya yi aikinsa har ya kai sarjan, da ya aje aiki ya tattaro iyalinsa ya dawo garinmu kusa da Gazawa, ya zo da hular kwano guda, da takalman soja masu igiya, da hanci. Hancin nan yana jin hayaƙi tun mutum na tunanin kunna ashana. Kullum bayan magariba sai ya ɗauki buta ya zaga gari yana leƙa murhun mutane. Matan gari sun san tarinsa, da sun ji shi sai ka ga ana ture itace ana rufe garwashi da toka kamar masu ɓoye kayan sata. Iya ce ta fi kowa shan wahala. Sau nawa ya kashe mata wuta tuwo na kan murhu, don kawai iska ta juya.

"Malam, tuwon bai nuna ba."

"Ɗanyen tuwo bai taɓa kai kowa gidan likita ba."

"To kai za ka ci shi."

Kuma ya ci. Ya zauna ya cinye ɗanyen tuwon nan yana yabon miya, cikinsa ya kwana yana ƙugi kamar injin niƙa, da safe ya ce sauro ne ya hana shi barci.

Halinsa da ya fi shiga ran kowa shi ne miƙa abu. Tsoho ba ya miƙo maka abu ya saki. Ko moɗar ruwa ce, ko goro, ko allura, zai riƙe gefe kana riƙe da gefe har sai ka ce "na karɓa". In ka ce "na gode" bai saki. In ka ce "madalla" bai saki. In ka ja, shi ma ya ja. Wata rana wani babban ma'aikaci ya zo daga buro, wato ofishin gwamnati, duba rijiyar gari, Tsoho ya kama masa kaza, ya miƙa. Bawan Allah ya yi godiya da Faransanci, ya ce "mersi". Tsoho ya tsaya. Ya sake cewa "mersi boku". Tsoho na riƙe da ƙafa guda, baƙo na riƙe da guda, mai gari na zufa. Ni dai na rantse kazar nan sai da ta yi ƙwai a tsakaninsu kafin wani ya raɗa wa baƙon abin da zai ce.

Mu jikoki muna yi masa tsiya, mu ce "na kusa karɓa", ko "zan yi shawara". Shi kuwa ya ce mu yi dariya, bokiti a gobara ba ya faɗuwa a hannun kowa, tsakanin hannu biyu yake faɗuwa, wannan na zaton wancan ya riƙe. Shekarar da wuta ta kama rumbunan yamma da gari muka ga amfanin abin. Ya jera mutane daga rijiya har bakin wuta, maza da mata, ba ka jin komai sai "na karɓa, na karɓa, na karɓa" yana tafiya kamar wazifa. Rumbuna biyu suka ƙone, sauran suka tsira. Bai yi murna ba. Ya yi mako yana faɗa a kan biyun.

Ranar sadakar uku wasu tsofaffin abokan aikinsa suka zo daga Maradi. A cikinsu akwai wani dogo da wuta ta cinye masa rabin kunne. Ni aka aika da fura zaure, na yi ta zuba ta a hankali kamar mai ɗiga magani a ido, don in ji hira.

"Mutane na zaton kullum gobara muke kashewa," in ji mai rabin kunnen. "Gobara jifa-jifa ce. Abin da ya fi yawa haɗarin mota, da wanda ya faɗa rijiya, da jarirai."

Liman ya ce, "Jarirai kuma?"

"Jarirai, malam. A kira mu a ce ga kuka a kango, ko bayan tasha, ko cikin kwali a bakin kwata. Mu tafi da jiniya. Mafi yawa mu tarar rana ta riga mu, ko tururuwa. Sarjan in ya dawo daga irin wannan ba ya cin abinci."

Ya ce wata shekara wani baƙo ya zo koya musu aiki, a cikin hira ya ba su labarin cewa a ƙasarsu doka ta yarda uwar da ta rasa yadda za ta yi ta kawo jaririnta ƙofar ƴan kashe gobara, ta miƙa, ta juya, ba mai bin ta, ba mai tambayar sunanta. Duk suka yi mamaki. Tsoho kuwa ya ce, "Mu ba mu da dokar, amma muna da ƙofa." Daga ranar ya gaya wa masu tsaron ƙofar bariki cewa in mace ta zo da ƙunshi a hannu tana waige-waige, kada a yi mata tsawa, a kira shi, kuma kowa ya dubi ƙasa. Ya bi unguwanni yana gaya wa ungozomomi, su kuma suka san kunnen da za su raɗa wa.

"Me ya sa a dubi ƙasa?" babana ya tambaya.

"Saboda jandarma masu bincike za su tambaya, kuma aikinsu ne su tambaya. Sarjan ba ya ƙarya. To ya ce abin da ido bai gani ba baki ba zai ɓoye shi ba. Shi yaron yake kallo. Ya tambaye ta yaushe aka haife shi, ya sha nono, da me aka yanke cibi. Iyakarta ke nan. Ya ce na karɓa, ya buɗe maɓallan rigarsa ya sa yaron a ƙirji, fata da fata, ya rufe. Ba wanka, ba ruwa, ba jiƙo. Ya duba numfashi, ya duba cibin in yana jini ya ɗaure, sai mota, sai matarnite, asibitin haihuwa. Can ma ba ya aje yaro a kan tebur. Sai ungozomar likita ta miƙo hannu ta faɗi kalmar. Akwai wata sabuwa da ta ce masa aje nan, ya tsaya mata a kai har ta yi kuka."

Aka yi dariya kaɗan, irin dariyar gidan makoki da ake haɗiye rabinta. Baba Babba bai yi ba. Ya san inda hirar ta nufa, duk wanda ke zauren ya sani.

Gwaggo Ƙarama ce ta farko da uwa ta kawo da hannunta. Da hantsi ne, in ji mai rabin kunnen, matar ta lulluɓe har ido, abin da ta ce kawai, "A riƙa mini." Tsoho ya kai jaririyar matarnite, ya riƙa komawa kullum yana leƙawa, har ma'aikatan suka fara ce masa mai jego. Da aka yi cigiya ba wanda ya fito, ya je gaban alƙali ya nemi a ba shi riƙo, aka ba shi. Iya ta raine ta da nonon akuya. Ba a taɓa ɓoye mata ba, ba a ɓoye wa kowa ba. Kalma guda ce Tsoho ya hana, tsintacciya. Duk wanda ya faɗe ta a gabansa ya ɗebo wa kansa.

"Ba a tsince ta ba," yake cewa. "Hannu da hannu aka ba ni. Ajiya ce."

Da wannan kalmar ya kare ta tun tana rarrafe har ya kai ta ɗakin miji. Kuma da ita Baba Babba ya tashe ta daga tabarma. Da babana ya same shi a bayan gida yana ba shi baki, na ji amsar da ya bayar: "Shi da bakinsa ya ce ajiya ce. Mai riƙo ya tafi, ajiya ta sauka daga wuyanmu. Ban kore ta ba, ban zage ta ba. Na faɗi abin da yake ne."

Ba zan ce Baba Babba mugu ne ba, ko da yake na yi kwana biyu ina neman hanyar da zan zuba masa barkono a buta. Innata ta ba ni labarin abin da ya sha. Lokacin da aka kawo jaririyar yana saurayi ɗan lakol. Unguwa ta ɗauka cewa ɗiyar Tsoho ce ta waje, ya fake da aiki ya shigo da ita gida. Yara suka sa wa Baba Babba waƙa. Ya yi dambe har aka karya masa haƙori, wanda har yau gurbinsa na nan. Da ya tashi aure, gidan farko da ya nema suka ce ba sa haɗa zuri'a da gidan da ba a san asalin wasu ba. Tsoho bai taɓa zama ya lallashe shi ba. Ba ya lallashi, shi dai ya ba da umarni. Abin nan ya kwanta a cikin Baba Babba shekara da shekaru kamar garwashi a ƙarƙashin toka, kuma shi ne garwashi guda da hancin Tsoho bai jiyo ba.

A garinmu ma an taɓa kawo masa. Ina ƙarama lokacin, ranar kasuwar Gazawa ce, gari ya watse, muna zaure ni da shi yana gyara igiyar guga. Wata ta yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Kafin in ɗaga kai ya sa tafin hannunsa ya danne mini ƙeya, har yau in na tuna sai wuyana ya amsa. Na ji ya yi tambayoyinsa, na ji ya ce na karɓa, na ji tafiyarta. Ya sa yaron a riga ya hau kabu-kabu sai gidan likita.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Mai gari ya tara dattawa, aka kira Tsoho, aka ce ya faɗi ɗiyar wace ce, don a san gidan da abin kunya ya fito.

"Ban ga fuska ba."

"To me ka gani?"

"Ƙafa biyu."

"Sarjan, ba wasa muke ba."

"Da silifa shuɗi."

Washegari babu shuɗin silifa ko ɗaya a garinmu. Matan aure, ƴan mata, har tsohuwar da ke sayar da daddawa wadda ta haifi rabin gari, kowa ta jefa nata a masai ko ta tura ƙarƙashin gado. Mako guda mata na tafiya rijiya ba takalmi. Dattawa suka yi fushi da shi, wasu suka daina zama a inuwarsa, aka ce yana ɗaure wa lalata gindi. Ya ce shi ba alƙali ba ne, pompiye ne, in ya tarar da wuta ba ya tsayawa tambayar wa ya kunna.

Yaron bai yi kwana uku ba ya koma. An haife shi bai isa ba, kuma an daɗe ana ɓoyonsa cikin sanyi. Tsoho ya je ya karɓo gawar, ya sa masa suna, ya tsaya a ƙofar masallaci da ɗan ƙunshin farin ƙyalle a hannu har liman ya fito aka yi masa salla. Mutum kaɗan suka bi shi maƙabarta. Da ya dawo ya zauna a zaure bai cire takalmi ba. Na kawo masa ruwa na ce, "Tsoho, amaryarka ta kawo ruwa." Ya karɓa bai ce komai ba. Ranar kaɗai na taɓa miƙa masa abu bai faɗi kalmar ba, kuma ranar na fara jin tsoron shirunsa.

Ciwon ajalinsa ya ɗauki damina guda. Ɓarin jikinsa ya mutu, mutumin da ke zaga gari da buta ya koma sai an juya shi. Gwaggo Ƙarama ta baro Gangara da jariri ɗanye ta zo ta tare a ɗakinsa. Ita ke dama masa kunu, ita ke wanke zannuwansa, ita ke jin abin da yake nufi in ya motsa leɓe. Auta yake ce mata. Da farko in ta kai masa moɗa baki yana iya cewa "na karɓa", ko da rabin baki ne, sai ta sakar masa ya riƙe da hannun da ke aiki. Daga baya maganar ta ɗauke. Tun daga nan ba ta sake sakin moɗar ba. A hannunta ya cika, tana riƙe da kansa. Wannan ce matar da ta yi makokinsa a bakin turmi ana ce mata sannu da aiki.

Ranar bakwai, bayan an yi addu'a an raba gumba, sai wasan jikoki. In tsoho ya rasu ya bar jikoki, mukan sa kayansa mu kwaikwaye shi, mu bi manya da tsiya har su yi dariya ko ba sa so, don a rage nauyin gida. Ni na ɗauki hular kwano, ta rufe ni har hanci. Na zura takalman sojan, kowane ɗaya zai ɗauki ƙafafuna biyu da ɗan akuya. Na ɗauki buta, sauran jikoki na bina, muna tarin Tsoho. Na kashe wutar da ake dafa shinkafar baƙi, matan suka bi ni da muciya. Na shinshina hammatar Gwaggo Babba na ce ina jin ƙauri. Har Iya, da ke cikin takaba, sai da ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

Ana cikin haka Baba Babba ya shigo neman wani abu. Na ɗebo ruwa a moɗa na tare shi, na kumbura murya na ce, "Kai, babban banza, sha ruwa." Haka Tsoho ke kiransa in yana cikin raha. Mata suka fashe da dariya. Ya kama moɗar, na riƙe. Ya ce, "Saki." Na ce, "Me ake cewa?" Ya ja, na ja. Ya fizge da ƙarfi, ruwan ya zube a gaban rigarsa, moɗar ta faɗi tsakaninmu tana juyi a ƙasa. Dariya ta ɗauke. Taɓaryar Gwaggo Ƙarama ma ta tsaya.

Daga cikin ɗaki Iya ta ce, "Babba, zo nan."

Ya je ya durƙusa a bakin ƙofa. Iya ba ta ɗaga murya ba, amma gidan ya yi tsit har ana jin kukan tantabarun maƙwabta.

"Na ji an ce ka ce ajiya ta sauka daga wuyanku."

"Iya, ba yanzu ba."

"Yanzu. Kwana bakwai ina jira ka tuna da kanka. Ranar da ubanka ya kawo yarinyar nan gida, ni ina wajen niƙa. Ya iso da ita cikin riga, yana son ya kwance waɗannan takalman da ke ƙafar wannan mara kunyar. Wa ya tarar a zaure yana cin rogo?"

Baba Babba ya sunkuyar da kai.

"Ya miƙo maka ita. Ka san ubanka, bai saki ba. Me ka ce?"

"Iya, ina yaro lokacin."

"Da bakin yaro ka ce me?"

Iya ta ci gaba.

"Na dawo na same ka zaune kamar an dasa ka, ta jiƙa ka har gwiwa, ka ƙi motsi kada ta farka. Na ce kawo ta, ka ce a'a, kai aka ba. Sai da barci ya sace ka na zare ta daga cinyarka, kuma ban ce na karɓa ba, don ni ba soja ba ce. Ubanka ya sha gaya mini, ya ce ni fa na sauke tun a zaure, tana hannun Babba. To ni ban ji ranar da ka miƙa wa wani ya amsa maka ba. In an yi, gaya mini wa."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya fita, rigarsa na ɗiga. Bai dubi turmi ba. Na cire hular na aje a hankali. Babu wanda ya ƙara dariya ranar, aka naɗe tabarmar ɗakin Iya, makoki ya tashi. Gwaggo Ƙarama ba ta zauna a kanta ba ko sau ɗaya bayan ranar farko, kuma duk waɗanda suka zo daga nesa sun koma ba su ce mata ya haƙuri ba. Wannan ba ya gyaruwa.

Da la'asar ƙanen mijinta ya zo da babur ɗaukarta. Ta shiga ta yi wa Iya sallama, ta fito da ƙullin kayanta, idanunta a bushe. Muka rako ta ƙofar gida. Baba Babba na zaune a kan benci a bakin zaure, inda Tsoho ke zama, ya canza riga. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Na tafi." Ba ta ce Yaya ba. Ya gyaɗa kai.

Hanyar Gangara yashi ce, sai an ɗaure goyo da kyau. Ta kwance majanyi, ta sauko da yaron don ta gyara zani, ta juya tana neman innata ta riƙa mata. Kafin innata ta matso, Baba Babba ya tashi ya miƙo hannu biyu. Ya kama yaron ta ƙarƙashin hammata. Gwaggo Ƙarama ba ta saki ba.

Ba ta dube shi ba, yaron take kallo, kamar yadda aka koya mata. Yaron na tsakaninsu yana wutsil-wutsil da ƙafa yana dariya, shi a ganinsa wasa ake. Mai babur ya kashe inji. Ina jin numfashin babana a bayana. Na ga Baba Babba ya buɗe baki har ana ganin gurbin haƙorin nan, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Na karɓa," ya ce.

Ta saki. Ta juya baya ta gyara zaninta, ta daɗe tana gyarawa fiye da yadda zani ke buƙata. Da ta juyo fuskarta a jiƙe take. Ya ɗora mata yaron a baya, ya riƙe har ta ja majanyi ta ce ita ma ta karɓa.

"Sadakar arba'in ki zo tun ana saura kwana biyu, Auta," ya ce. "Iya ba ta iya zama ita kaɗai."

"To, Yaya."

Babur ya tashi. Muka tsaya har suka sha kwanar gonakin wake.

Yanzu bayan magariba ba mai zagawa da buta. Mata na girki har tuwo ya nuna, kuma ba wadda ta ce ta ji daɗin hakan. Jiya na wuce ta tasha na ga mai tsire ya tashi daga aiki, ya ɗebo ruwa da kansa yana yayyafa wa tukubarsa, yana waige kamar mai jiran a zo a duba. Hular kwanon na rataye a zaure, ba wanda ya taɓa ta tun ranar bakwai.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa faɗansa da ɗanyen tuwon da ya sa aka ci, ya nisanta shi da wutar da ta fi ƙarfin bokiti, ya haɗa shi da ƙananan da ya ɗauka a ƙirji, waɗanda suka rayu da waɗanda rana ta riga shi. Ya Ubangiji, ga shi nan mun miƙa. Mun san ka karɓa. Mu ne dai hannunmu bai saki ba tukuna.